Takardar da Garba Ya Wanke Ya Sha

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, Shi da ya haɗa gaɓoɓin ɗan Adam ya kuma san aikin kowace. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya ku 'ya'yana, har yanzu mutane suna zuwa ƙofar gidan nan na Unguwar Lalle, wasu daga Burkusuma, wasu ma daga tsallaken iyaka, suna tambayar hatimin ciwon kwankwaso na Malam Isiyaku. Na san bayan raina ku za su tambaya. Ba ni da wani hatimin kwankwaso, ban kuma taɓa mallakarsa ba. Akwai dai wata takarda, akwai kuma kunyar da ta sa na rubuta ta yadda na rubuta ta. Za ni ba ku labarin daga tushe, domin kada wani cikinku ya maimaita abin da na yi wa baffanku Garba.

Ciwon ya same ni shekarar da na aurar da 'yar'uwarku Hajara a Sakkwato. Na dawo daga ta'aziyya a Sabon Birni bisa kabu-kabu, na zo sauka a ƙofar gida, ƙafata ta dama ta faɗa wani ɗan rami tana miƙe. Na ji wani abu ya soke ni a ƙasan baya, na yi salati, na shige gida. Ban ɗauke shi komai ba. Amma kwana uku bayan haka sai na ga abin yana da nasa ɗabi'u, ni kuwa mutum ne mai son sanin ɗabi'ar abu. Ba ya cika baya duka. Wuri ɗaya yake, gefen dama, ƙasa da inda mazagin wando yake zama, har ina iya ɗora masa yatsa ɗaya. In ina tafe a hankali sai ya yi shiru. In na daɗe zaune na zo tashi, nan yake kama ni. In na tsaya da ƙafa ɗaya don sa wando, sai na nemi bango. In na juya bisa shimfiɗa, sai ya gangara mazaunai har bayan cinya, amma bai cika wuce gwiwa ba. Wanzami ya yi mini ƙaho sau biyu. Na shafa wani mai da 'yan kasuwa ke kawowa daga Nijar, mai zafi kamar barkono. Na yi wa kaina rubutu na sha, ban kuma raina wannan ba, domin roƙon Allah ne. Duk da haka wata huɗu ina salla a zaune, aikina na rubutun Alƙur'ani kuwa ya tsaya cik, don ba na iya shafi ɗaya ban miƙe ina dafe da ƙugu ba.

Hajara ce ta matsa sai na zo Sakkwato. Mijinta ya kai ni wani asibiti, wajen waɗanda ake kira likitocin gashin ƙashi. Wanda ya duba ni sunansa Lawali, mutum mai faɗin kafaɗa da sanyin murya, sa'an babban ɗana. Na zaci allura zai ɗauko. Sai ya ja kujera ya zauna gabana.

"Baba, nuna min wurin da yatsa guda."

Na nuna. Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kuɓuce mini, ko ina zazzaɓi ko rama. Na ce babu ko ɗaya. Ya ce alhamdu lillahi, da akwai su da wata hanya za a bi. Sa'an nan ya kwantar da ni bisa wani dogon gado, ya naɗe ƙafata ya danna gwiwar ƙasa, ya juya ni gefe ya danna ƙugu da tafukansa biyu, kowane ɗaya sai ya tambaya, "Wannan shi ne ciwon da ka sani, ko wani ne daban?" Uku daga ciki suka taso da ainihin ciwona, kamar an kira shi da sunansa.

Ya ɗauko wani ƙashin roba da aka yi kamar na mutum. Ban taɓa ganin abin da ya ɗauke mini hankali irinsa ba. Ya nuna mini inda ƙashin baya ya ƙare da wani ƙashi mai kama da bakin garma, da yadda manyan ƙasusuwan ƙugu biyu suka riƙe shi dama da hagu. Ya ce a kowane gefe akwai mahaɗa, kuma duk nauyin da ke sama ta nan yake bi ya sauka ƙafafu. Motsinta kaɗan ne ƙwarai, jijiyoyi da tsoka ne suke ɗaure da ita. In ta sha wuya, ko tsokar da ke tallafa mata ta yi rauni, sai ta yi ta ƙara.

"Mine ne sana'arka, Baba?"

"Rubutu."

"Bisa tebur?"

"Subhanallahi. Bisa buzu."

"To zauna min yadda kake zama."

Na sauka ƙasa a tsakiyar ɗakin asibiti, na naɗe ƙafar hagu, na kafa gwiwar dama, na karkata na ɗora hannu bisa gwiwar kamar da takarda. Haka malamina ya zauna, haka nasa malamin. Lawali ya zagaya ni sau biyu yana kallo, har ya durƙusa ya leƙa ta baya.

"Shekara nawa kana wannan zama?"

"Tun ba a haife ka ba."

Ya yi dariya, ya ce ba zai rantse cewa zaman ne ya kawo ciwon ba, ramin ma ya isa, amma zaman yana hana shi tafiya. Bai ce in bar buzu ba. Ya ce in sa matashi a ƙarƙashina, in riƙa sauya ƙafa, kuma duk shafi ɗaya in tashi in taka.

Mako biyu na yi gidan Hajara ina zuwa wurinsa. Aikinsa da hannu yake yi. Yakan murza tsokar mazaunai da ta gefen ƙugu har ta saki. Yakan ɗora tafinsa bisa ƙashin nan mai kama da garma ya riƙa dannawa a hankali yana saki, kamar mai lallashin jariri. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne in ya naɗe ƙafata ya tare ta da kafaɗarsa, ya ce in tura shi da ƙarfi kaɗan, in ƙirga biyar, in saki. Ina saki sai ƙafar ta ƙara tafiya inda da ba ta zuwa. Nakan tashi daga gadon da sauƙi, in ce masa hannunsa akwai albarka. Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya.

"Hannuna sauƙin kwana biyu yake ba ka, Baba. Abin da zai riƙe ka shi ne wanda za ka yi da kanka."

Abin da za ni yi da kaina kuwa guda biyar ne. In kwanta rigingine in jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji. In sa matashi tsakanin gwiwoyi in matse. In kafa dugadugai in ɗaga ƙugu sama, in riƙe, in sauke. In kwanta gefe in buɗe gwiwar sama, ƙafafu suna haɗe. Na biyar, in yi rarrafe, in miƙa ƙafa ɗaya baya. Ku dubi wannan da idon mutumin da ya haura sittin, wanda ake durƙusa wa a gaishe shi, wanda bai taɓa miƙe ƙafa gaban surukinsa ba. A ɗakin asibiti na yi, domin can ba wanda ya san ni. Amma tun ina yi ina tunanin Unguwar Lalle.

Da zan koma gida, Lawali ya san hanyarmu ba kullum take biyuwa ba, sai ya ba ni takarda mai bayani da boko da zanen mutane suna kwance. Boko ba na karantawa, zanen mutum kuwa ba zai shiga gafakata tare da Alƙur'ani ba. Na bar wa Hajara ita. Da na iso gida na yanki takarda mai kyau, na ja gidaje: biyar a tsaye domin motsin biyar, bakwai a kwance domin kwanakin mako. Nan ne na yi kuskurena. Da na rubuta da ajami filla-filla, "ɗaga ƙugu sau goma," da duk wanda ya yi allo ya karanta. Abin da nake gudu ke nan. Sai na sa harafin farko kaɗai: jim domin jan gwiwa, mim domin matse matashi, ɗa mai hannu domin ɗaga ƙugu, ba domin buɗe gwiwa, ra domin rarrafe. A kowane gida na sa adadin da zan yi da lissafin Larabci, in na cika kuma in ɗiga jar tawada. Ni da na rubuta hatimai ba iyaka a rayuwata, wallahi ban lura da abin da takardar nan ta yi kama da shi ba.

Uwarku Hadiza kaɗai ta sani. Da hantsi, in gida ya yi shiru, sai in shiga ɗakinta ta saki labule ta ja ƙyaure. Ita ke ƙirga mini, tana zaune bakin gado tana tsince wake.

"Shidda munka kai, Malam, ba takwas ba. Ina ji."

"Kin yi kuskure."

"Ni da ka ƙirga kaji kullum? Ɗaga dai. Kuma bar riƙe numfashi, ka yi kamar wanda anka shaƙe."

Ranar farko da na yi rarrafe na miƙa ƙafa baya, ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Na ce mata in ta faɗa wa ko da ƙanwarta ce, ban yafe ba. Ta ce ita ba ta ga abin ɓoyo ga magani ba, amma ta riƙe mini amana.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Mako na biyu ma sai da ciwon ya tashi, domin na yi gaggawa na ninka adadin, na koma yadda aka ce. A mako na shida na lura na sa wando ban nemi bango ba. Da layya ta zo, na tsaya kan mahauci yana fiɗar ragona, na ce ya tsaya in ya kai ƙugu. Na durƙusa na sa yatsa a mahaɗar nan, na ga fararen jijiyoyin da suka ɗaure ta, na motsa ta na ji ɗan motsin da Lawali ya faɗa, kaɗan kamar numfashi. Mahaucin ya ce, "Malam, wani asiri ne a wurin?" Na ce a'a, kallon ikon Allah nake. Sai bayan na miƙe na tuna cewa durƙuso na yi, na kuma tashi ba tare da dafa kowa ba. A ranar na yi sallar la'asar a tsaye, na kai goshina ƙasa.

Yanzu ga baffanku Garba. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, taubashina, manomin gero da dawa a Kamarawa. Tun muna yara kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Bai yi nisa a allo ba, amma babu mai riƙe hauya kamarsa. Ya zo mini barka da salla yana tafe yana karkace, hannu ɗaya a ƙugu.

"Kai bawana, ba kai ne anka ce ka zama gurgu ba? Mi ka sha?"

"Ikon Allah, da addu'a."

"Awo, mun san da ikon Allah. Ta wace hanya yab biyo?"

"An ɗan duba ni a Sakkwato."

Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na rage. Na ga yadda ya zauna da gefe ɗaya, na ga yadda ya nemi bango da zai tashi. Na gane ciwon kamar yadda ake gane ɗan gari a kasuwar nesa. Kalma goma ta isa in nuna masa hanya. Sai na tuna bakin Garba, na tuna cewa in ya ji na yi rarrafe, kafin Juma'a duk ƙasar Isa ta ji. Na fita alwala na bar shi a zaure, gafakata tana rataye, takardar tana ciki. Da ya tafi na nemi takardar na rasa. Ban damu ba, taubashi yakan ɗauke maka hula ma, kuma na riga na haddace abin da ke ciki. Na ja wata.

Abin da ban sani ba shi ne, Garba ya kai ta wajen wani malami a Kamarawa, mutumin kirki, ya ce ga hatimin da ya tayar da Malam Isiyaku. Malamin ya duba, ya ga gidaje da haruffa da adadi da ɗigon jar tawada, ya kuma san hannuna. Bai gane ta ba, amma hatimai da yawa ba a gane su, amana ake karɓarsu. Ya kwafe ta a allo, aka wanke, Garba ya sha. Safe da yamma yana sha. Maƙwabcinsa ya roƙa, aka rubuta masa. Wani ya kai ta Burkusuma. Kafin wata biyu, baƙi suka fara yi mini sallama suna neman izinin hatimin, wai an ce ba ya ci sai da izinin mai shi. Na farko na ce masa ban san zancen ba. Da na biyu ya zaro kwafi daga aljihu, na ga jim da mim da ra ɗina cikin hannun wani, sai da na zauna. Na karɓa ina dubawa, har da mamakin yadda aka kiyaye ɗigon da na yi bisa kuskure a gidan Laraba. Na ce masa wannan ba ta sha ba ce, na sallame shi ban ƙara bayani ba.

Na shiga gida na faɗa wa uwarku. Ba ta yi dariya ba wannan karon.

"Malam, mutane na shan ƙirgata. Shidda da takwas ɗin da muka yi gardama a kai, su suka sha."

"Ba zai cuce su ba. Tawada ce da ruwa."

"Garba fa? Gajimare ya fara haɗuwa. Wa zai yi mai shuka?"

Na ce a raina zan aika masa saƙo a asirce. Kullum sai in ce gobe.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, muna zaune a zaure da dattawan unguwa kamar mutum takwas, da liman, da wani baƙo daga Burkusuma, sai ga babur ya tsaya. Mutum biyu suka sauko da Garba. An yi ruwan farko kwana uku kafin nan, kowa ya yi shuka, shi ko bakin gonarsa bai iya zuwa ba. Ya rame. Aka zaunar da shi da gefe ɗaya. Bai kira ni bawa ba, wannan ya fi komai tsorata ni.

"Isiyaku, kwana sittin ina shan abin nan. Kai ka tashi, ni ina ƙara kwantawa. Na san akwai abin da ake karantawa a kai wanda ka ɓoye. Na ɗauka ba da izni ba, na yi laifi, ka yafe. Amma don zumuncin uwata da ubanka, ka cika min."

Ina iya cewa a kai shi ciki mu gana. Ina iya rubuta masa wata addu'a ta gaskiya in ba shi, mutuncina ya ƙaru. Na dubi baƙon Burkusuma, na ga shi ma ya miƙa wuya yana jiran sirrin, na san duk abin da na yi a ɓoye, takardar za ta ci gaba da yawo a bayyane. Na cire rawanina na ajiye bisa gafaka. Na jawo buzu tsakiyar zaure, na gyara shi yadda ƙafafuna ba za su dubi gabas ba. Na kwanta rigingine gaban liman da kowa.

"Wannan ita ce jim," na ce, na jawo gwiwa zuwa ƙirji.

Na ce a miƙo mini matashi, na matse shi, na ce ga mim. Na kafa dugadugai na ɗaga ƙuguna sama, na ƙirga da ƙarfi har biyar. Wani ya ce, "La ilaha illallahu." Da na juya na yi rarrafe na miƙa ƙafa baya, sai na ji wani sauti kamar na tulu yana cika. Garba ne. Yana dariya yana riƙe ƙugu, hawaye suna zuba, yana cewa wayyo, yana ƙara dariya.

"Wanga shi na sha? Kwana sittin ina shan rarrafen bawana?"

Nan zauren ya fashe. Liman ya rufe baki da hannun riga. Na zauna bisa buzu ba rawani, na ba su labarin Lawali da ƙashin roba tun daga farko. Na kuma faɗa musu abin da Lawali ya ja mini kunne a kai, cewa ba kowane ciwon baya ne wannan ba, kada kowa ya fara sai an duba shi.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Sunan da aka sa mini a kasuwa kun san shi, ba sai na rubuta ba. Malamin Kamarawa ya ji kunya ƙwarai, ya ɗauka da gangan na bar shi ya kwafi abin da ba shi da ma'ana, shekara biyu yana amsa sallamata a taƙaice, kuma yana da gaskiyarsa. Wasu da suke kawo mini aikin rubutu suka koma wani wuri. Amma wanda ya fi biya Garba ne. Ni na raka shi Sakkwato da hanya ta yi kyau. Lawali ya duba shi ya ce mahaɗar ce, ta hagu, sai dai zaman wata biyu ya raunana masa tsoka, nasa zai fi nawa daɗewa. Har ya sa masa ɗamara mai faɗi a ƙugu ta ɗan lokaci. Shuka ta wuce shi, noman farko ya wuce shi, dangi ne suka taimaka aka rufa rabin gonar, rabin ta kwana. Sai a maimai ya riƙe hauya. Rumbunsa bai cika ba a shekarar. Na kai masa dawa daga nawa, ya karɓa ya ce bawa ba ya yi wa ubangidansa kyauta, haraji ne. Ya yafe mini tun a zaure. Ni ne dai har yau in na bi ta gefen gonar nan nakan tuna kalma goman da na riƙe ranar salla.

Takardar tana nan cikin gafaka, a aljihun baya, ba tare da Alƙur'ani ba. Na sake rubuta ta, kowane motsi da cikakken sunansa, yadda duk mai karatun ajami zai gane. In wani ya zo bayan raina yana neman hatimin kwankwaso, ku ba shi ruwa ya sha, ruwa zalla. Ku tambaye shi ya nuna wurin da yatsa ɗaya, ku ce ya je a duba shi. In ya ce shi dai a nuna masa abin da Malam ya yi, to babban cikinku ya cire hularsa, ya shimfiɗa buzuna a tsakiyar zaure, ya kwanta.

Allah ya sa mu cika da imani, ya yafe mana abin da muka faɗa da abin da muka rage.